Zani a Bututun Iska

Kwana uku na yi ina fama da murhun ɗumama ɗakin nan kafin ya yarda da ni. Irin wanda ake zuba wa 'yan ƙwayoyin garin katako ne, masu kama da abincin kaji, yana sako su cikin wuta kaɗan-kaɗan da kansa. Na huda bangon falonmu na garin Pleasant Garden, a nan ƙasar waje, wuri biyu, bututu ɗaya na fitar da hayaƙi, ɗaya na shigo da iska daga waje. Na yi ta murɗa makunnin iskar har harshen wutar ya miƙe ya yi haske. Duk wannan wahala don matata Ilham ce da jaririyarmu Afnan mai kwana biyar, don a falon za su yi jego cikin sanyin Janairu.

Surukata Hajiya Bebi ta zo daga Kano don wankan jego. Ita da iska kuwa ba a ga maciji. Ƙasan kowace ƙofa ta cusa tsumma, tagogi har da bargo. Ni dai tsakanina da ita gaisuwa ce, kaina a ƙasa, ban isa in ce mata kanzil ba.

Ranar Asabar da hantsi na shigo na tarar wutar ta yi ja, ta kwanta kamar mai jin barci, gilashin murhun ya yi baƙi ƙirin.

"Kaina ciwo yake, Husaini," in ji Ilham daga kan kujera. "Anya ka saita abin nan daidai?"

Maganar ta sosa mini rai. Na durƙusa na buɗe iskar har ƙarshe, wutar ko gezau. Ina cikin haka na'urar gano gubar hayaƙi da ke jikin bango ta ɗauki ihu.

"Kashe wannan abu, zai tayar da yarinya," Hajiya ta ce.

Na waiga. Duk wannan ƙara Afnan ba ta ko motsa ba. Na miƙe zumbur.

"Ku fita! Hajiya, ki fita na ce!"

Ban san muryata ta kai haka ba. Na sungumi Afnan, na miƙa ta ga Ilham, na tura su cikin mota, na cire wa murhun wutar lantarki, na kira motar asibiti. Ilham na ta jijjiga yarinyar tana kiran sunanta. Sai da iskar waje ta buge ta sannan ta yamutsa fuska ta tsala kuka. Wallahi ban taɓa jin sauti mai daɗi irin wannan ba.

Na zaga bayan gida. A bakin bututun iska ga wani tsohon zanin atamfa, an cusa shi tam. Na zaro shi na dawo, na rasa inda zan ɓoye shi, amma Hajiya ta riga ta gani.

"Rami na gani a bango," ta ce a hankali. "Na ce iska za ta shigar wa mai jego."

Ma'aikatan asibitin suka zo suka auna su ukun, suka ce a wuce asibiti a ƙara dubawa, amma yarinyar tana numfashi lafiya. Ilham ta juya za ta gyara mayafi, ta miƙa wa mahaifiyarta Afnan.

Hajiya, wadda ta wanke jikoki goma sha ɗaya, ta mayar da hannayenta cikin hijabi.

"Ba wa ubanta," ta ce. "Yau ban yarda da hannuna ba."