Gangar Luziya

Duk ranar Juma'a, da Balki ta ɗora haƙarƙarinta a katifa bayan azahar, sai kiɗa ya tashi a saman bene. Luziya ce, wata baƙar mata 'yar Brazil mai girki a otal. Sababbin gidajen unguwar International City kuwa bangonsu kamar kwali, ko tari maƙwabci ya yi sai ka ji.

Balki 'yar Maraɗi ce da ke zaune a ƙasar waje, tana da shago a kasuwar Al Ras inda take ɗura man bilicin a kwalaye zuwa Nijar. Ita ma shi take shafawa. Ga gajiya, ga abin da ke ci mata tuwo a ƙwarya: 'yarta Hannatou, mai shekara goma, ta tsani makaranta tun da yara suka laƙaba mata Gawayi. Har madubin ɗaki ta juya ya kalli bango. Balki ta ga ai abin mai sauƙi ne, ta kawo mata kwalba ɗaya daga shago.

Wannan Juma'ar haƙuri ya ƙare. Ta yafa gyale ta hau bene tana haki, tana harhaɗa Faransanci da Turancin da za ta zazzage. Ƙofa a buɗe take. Ga kaset na tashi, ga Luziya da ganga tsakanin gwiwoyi, ga Hannatou a tsakar ɗaki ko ɗankwali babu, tana juyi tana rera abin da ko kalma ɗaya ba ta sani ba.

Balki ta hau faɗa. Luziya ta rage sauti, ta yi bayani da hannu da guntun Turanci cewa waƙar garinsu ce, a Bahia. Waƙar na cewa daga Afirka aka kwaso kakanninsu, da guminsu aka gina Brazil, kuma baƙar fata ado ce, a fito da ita titi kowa ya gani. Takaici ya kama Balki, ta ja tsaki. Ita da aka haifa a Afirkar, wai yau 'yar Brazil ce za ta yi mata karatu.

"Yalla, wuce mu tafi," ta ce wa 'yar.

A kan matattakala Hannatou ta zaro kwalbar daga aljihu, ko buɗe ta ba a yi ba, ta miƙa mata.

"Maman, mayar da shi shago. Mu ba mu da irin wannan waƙar ne?"

Balki ta buɗe baki za ta ce suna da ita mana. Sai idonta ya faɗa kan hannun da ta karɓi kwalbar da shi, jawur, gaɓoɓin yatsun baƙi ƙirin. A sama gangar ta ci gaba.