Ƙafafun Kalilu

Shekarar da gyaɗa ta yi albarka har aka rasa buhuna a Jibiya, a ita ce Kalilu ɗan Barira ya faɗo daga saman lodin mota, daidai shingen iyaka, kan hanyar Maraɗi. Da baya ya sauka, jikokina. Amma Barira ta iso ta gani da idonta yana motsa 'yan yatsun ƙafa, har yana tsokanarta.

"Inna, mi na kuka? Ƙasa na gaisar."

Rabe direba ya ce a ciro ƙyaure a shimfiɗe shi, kada a lanƙwasa bayan. Barira ta tare.

"A ɗauki ɗana a miƙe bisa kafaɗu, a ratsa kasuwa da shi kamar gawa? Ba da raina ba!"

Jama'a suka ce ta yi gaskiya, ba a yi wa mai rai fatan makara. Sai aka zaunar da shi a kan jaki, mutum biyu na riƙe. Wajen gangaren rafi Kalilu ya yi ƙara ɗaya, ya yi shiru.

Maɗorin garin ya lalluba bayan, ya janye hannu. "Ƙashi nake ɗorawa, Barira, ba laka ba." Likitan Katsina ya sa shi a siminti daga ƙirji zuwa ƙugu, shi ma bai faɗi abin da ya wuce haka ba.

To, bayan an dawo da shi gida, sai ya fara cewa ƙafafunsa na tafiya. Ga su kwance a tabarma kamar itace, shi kuwa yana jin yashi na ƙona tafinsa.

"Sun wuce Magama, Inna. Ƙaya ta soke ta hagun."

Kowace safiya sai Barira ta tambaya, don a ganinta abin da ke tafiya yana iya juyowa gida.

Ran nan tana shafa masa man shanu, ta ce, "Yau ina suka kai, ɗan nan?"

"Yau ban ji su ba."

Ta kafa farce a ɗan yatsan ƙafarsa, ta danna har jini ya tsatso. Shi kuwa yana kallon rufin ɗaki, yana tambayarta ko hadarin gabas ɗin nan zai zubo.