Duna Bai Motsa Ba

A Koki akwai lungunan da tifa ba ta taɓa ganin cikinsu ba, kuma ba za ta gani ba. Nan ne jaki ke da sauran daraja. Direba ya juye yashi a bakin titi ya ƙara gaba, masu jakai su kwashe a mangala su kai wa magina har ƙofar gida. Isyaku ne ƙarami a cikin masu wannan sana'a, don gemu ma bai fara tunanin fito masa ba. Jakinsa baƙi ne, sunansa Duna. Kawunsa Bashir ne ya danƙa masa shi tun jakin yana ɗan tsurut, ya ce ya hora abinsa.

Horon da ya yi masa kuwa ya zama abin hira a unguwa. Yaran Koki, Allah ya shirya mana su, ba su da wasan da ya wuce su ga ana yi wa jaki lodi, su laɓe su kwaikwayi muryar mai shi su kora shi, yashi ya zube, su watse suna tsalle. Da suka ishi Isyaku, sai ya koya wa Duna daina sauraron baki gaba ɗaya. In ya ɗora masa tafin hannu a goshi, ya tsaya ke nan. In ya shafa wuyansa, ya tafi. In ya tura hancinsa, ya ja da baya, saboda lungunan da babu wurin juyawa. Har shi kansa yakan tsayar da shi, ya koma gefe ya yi ta daka masa tsawa. In Duna bai motsa ba, ya ba shi dusa a hannu. Bai taɓa ɗaga masa sanda ba.

"Saura ka ɗinka masa wando ka kai shi makaranta," in ji Kawu Bashir. Amma a bayan idon yaron, da jakin yake cika baki a majalisa.

Wata ranar Juma'a a tsakiyar damina, Isyaku ya ɗauko lodin ƙarshe zuwa wani gida da ake gyara a ƙuryar lungu. Magina sun tafi masallaci, maza duk sun tafi, shi ma so yake ya sauke ya bi sahu. Ruwa ya tsuge tun kafin ya kai rabi. Lungun ya bi ta bayan gidaje ne, dama da hagu katangun ƙasa, ɗaya ta wani kango da magada suka bar wa ƙadangaru. Katangar kangon ta daɗe da yin ciki, shi ya sa maƙwabta suka tokare ta da azara, gindin a jikin ginin da ke kallonta. Da safe Duna ya bi ta ƙarƙashin azarar lafiya. Yanzu ruwa ya sa ta zame, ta sauko daidai tsayin mangala.

Isyaku ɗan cikin gari ne, ya san azarar da ta tokare gini ba abin taɓawa ba ce. Ya sani sarai. Amma ruwa na dukansa, ana shirin tayar da salla, sai zuciya ta ce masa ɗagawa kaɗan ce kawai, jaki ya wuce ya mayar. Ya ɗora wa Duna hannu a goshi, ya wuce gabansa, ya sa kafaɗa ya ɗaga azarar.

Bai ji ƙara mai yawa ba. Wani nauyi ne kawai ya kwashe ƙafafunsa, ya tsinci kansa kwance rigingine a cikin caɓi, jiƙaƙƙiyar ƙasa ta binne shi har cinya. Ƙafar hagu ta yi wani irin zafi da ya sa ya ga duhu-duhu. Da idonsa ya washe, ya duba sama. Ɓangare ɗaya ne na katangar ya zube. Sauran na nan a sunkuye, wata tsaga ta ratsa shi daga sama zuwa ƙasa, ruwa na shiga ciki, kuma daidai kan Duna ya sunkuyo.

Duna na tsaye inda aka tsayar da shi, ruwa na zuba ta kunnuwansa.

Isyaku ya miƙa hannu. Bai kai ba, ko kusa. Ya yi ƙoƙarin zare ƙafa, azaba ta mayar da shi ƙasa. Wayarsa na aljihun wando, wandon na ƙarƙashin ƙasa. Ya kwarma ihu, ya kira sunan duk matar da ya sani a gidajen nan, amma ruwa a kan kwano ya fi shi murya. Indararo na ta kwarara a gefen kansa, lungun ya fara zama kwata, ruwan ya taɓo masa ƙeya.

"Duna, ja baya! Ja baya mana!"

Jakin ya kaɗa kunne ɗaya. Ai ya san wannan wasan. Ubangidansa na ihu, shi yana tsaye, in an gama a ba shi dusa.

Wani gutsuren ƙasa ya ɓalle daga sama ya faɗo cikin mangala. Duna ya girgiza fata, ƙafafunsa na nan a kafe. A nan tsoro ya kama Isyaku sosai, tsoron da ya fi na ƙafarsa. Shi ne ya ɗaure dabbar nan a ƙarƙashin katanga, da hannunsa, kuma jakin zai mutu ne don ya yarda da shi. Ya damƙi taɓo ya watsa masa. Ya sake watsawa. Ya zage shi, zagin da yake jin kunyar a ji a bakinsa. Daga nan hannunsa ya faɗa kan wani hoge mai tauri da ruwa bai gama jiƙawa ba. Ya rufe ido ya jefa da iya ƙarfinsa.

Hogen ya sami Duna a saman idon dama. Jakin ya fizgi kai, ya yi wani gajeren nishi, jini ya biyo ruwa ya gangaro masa har baki. Ya ɗaga ƙafar gaba ɗaya, ya riƙe ta a sama jim kaɗan, sannan ya mayar da ita daidai inda take.

Isyaku ya saki jiki a cikin caɓin ya fashe da kuka. Dabara ta ƙare masa. Ya daina ihu, ya koma magana ƙasa-ƙasa, irin wadda yake yi masa da yamma in yana cire masa ƙaya a kofato.

"Yi haƙuri, Duna. Ni na cuce ka. Wallahi ni na cuce ka."

Ko muryar ce, ko kukan, Allah ne masani. Duna bai ɗaga ƙafa ba, don ba a sallame shi ba. Wuya kawai ya miƙo, a hankali, yana hura hanci, yana shinshinar wurin da yaron yake kwance. Igiyar wuyansa ta sauko tana lilo, ta taɓa ruwa. Isyaku ya ɗago da gwiwar hannu, ya cije leɓe, ya miƙa hannu har sai da ya ji kamar ƙugunsa zai rabu. Yatsunsa suka kama bakin igiyar. Ya jawo, kan jakin ya matso, numfashinsa mai ɗumi ya sauka masa a fuska.

Ya naɗe igiyar a hannun hagu. Ya san abin da zai biyo baya zai yi ciwo. Ya yi bisimilla, ya sa tafin dama a hancin Duna ya tura.

Duna ya ja baya. Igiya ta miƙe, ta ci naman hannunsa. Ƙasa ta ƙi sakinsa, jakin ya zame a caɓi, ya sake kafa kofato, ga nauyin yashi a bayansa, ga na mutum a wuyansa. Isyaku ya yi ƙarar da bai san yana da ita ba. Ƙafar dama ta fito ba takalmi, ta hagu ta biyo ta tana jan ƙasa kamar ba tasa ba. Duna bai tsaya ba, ya yi ta ja da baya yana jan yaron a cikin ruwa, mangala na gugar katanga. Sun wuce kan kwana ke nan suka ji sauran ginin ya rufto, ƙasa ta girgiza, ruwan lungun ya koma ja.

A bakin lungu masu dawowa daga masallaci suka gan su, jaki na tafiya da baya, yaro na biye da shi a kwance. Aka yi ta salati. Kawu Bashir ya ratso mutane, darduma a kansa, ya durƙusa ya kwance igiyar daga hannun Isyaku, ya taɓa ƙafar ya ce a nemo mai ɗori maza. Sannan ya waiwaya ya ga fuskar jakin, idon ya kumbura ya rufe.

"Kai, katangar nan ta so ta tsiyaye masa ido," in ji shi.

"Ba katanga ba ce, Kawu," Isyaku ya ce. "Ni na jefe shi."

Maza biyu suka sunkuya za su ɗauke shi, ya riƙe ƙafar Duna ta gaba da hannu biyu ya ƙi saki. Suka lallashe shi, suka yi masa faɗa, ya ƙi. Dole sai da wata mata ta miƙo ruwan ɗumi da tsumma ta ƙofar zaure. Kawu Bashir ya tsuguna a cikin ruwan sama da rigarsa ta Juma'a yana wanke idon jaki, yaron na kwance da karyayyiyar ƙafa yana tambayarsa ko idon ya buɗe.