Rawar Abarba a Misfala

"Riƙe min wayar, ya ukhti, an fara," in ji Hajiya Rosaura da gurgun Larabcinta, tana ɗaga hannuwan da Kausar ta gama zana wa lalle.

Kausar ta goge yatsunta ta riƙe. Sana'arta ke nan, bin masaukan unguwar Misfala a birni mai tsarki tana yi wa baƙi lalle. Wannan baƙuwar daga Meziko ta zo Umra.

A wayar, 'yan mata ne a kan wani tudu, jere cikin riguna masu launi, kowacce da abarba a kafaɗa, suna tafiya kamar mutum ɗaya.

"Ta ukun daga hagu 'yata ce. Da ni ke tsayawa a nan, kafin in musulunta."

"Bikin mene ne, Hajiya?"

"Gelagetsa. Kakanninmu kan hau wannan tudun su kai wa gunkin masara baiko. Da 'yan coci suka zo, suka sauya wa ranar suna, amma mutane ba su daina hawa ba. Ma'anar kalmar, ka ba ni yau, in ba ka gobe."

"Gudummawa ke nan," Kausar ta ce da Hausa.

Rawa ta ƙare. 'Yan matan suka shiga jefa wa jama'a abin da garinsu ke samarwa. Kowane yanki haka yake yi, in ji Hajiya. Wasu burodi, wasu kofi, wasu huluna.

"Baɗi ki zo. Ɗakin 'yata na da gado biyu."

Kausar ta yi murmushi. A unguwar Mansur, nan cikin birnin, aka haife ta, a gidan da kakanta ya sauka da ya iso daga Sakkwato a ƙafa. Ba ta da iƙama, wato takardar izinin zama, ba ta da fasfo. Ko Jidda ba ta taɓa zuwa ba, saboda shingen bincike. Bara aka kama yayanta Awwalu, aka kai shi ƙasar kakansu da bai taɓa gani ba. In ta fita, ba dawowa, ga mahaifiyarsu kwance.

"In sha Allahu," ta ce.

Hajiya ta dubi hasken hasumiyar agogon da ke kusa da masallaci mai alfarma ta taga, idonta ya ciko.

"Jibi za mu tafi. Da ma ni ce ke. Ba wanda zai ce miki lokacin tafiya ya yi."

"Haka ne, Hajiya. Babu."

Kausar ta tattara kayanta. A bakin titi motar sintiri na tsaye, don haka ta bi ta lungu.