Wayar da ke Bayan Kibod

Tarkim yana tsakiyar waƙa ta uku ya ji hawaye na neman zubo masa, sai ya ƙara sunkuyar da kai kan kibod ɗin da yake kaɗawa don kada a gani. Hannunsa ya dawo. Hannun daman nan da shanyewar jiki ta taɓa bara, wanda ko cokali sai da dabara yake kai shi baki, yau ga shi yana zuba kiɗa a bikin 'yar Hajiya Rokijah kamar ba a taɓa kwantar da shi a asibiti ba.

An tare layin gaba ɗaya da rumfa, babura sai zagayawa suke yi ta bayan masallaci. Rabin unguwar masunta ta garin Indramayu tana nan, ana cin shinkafa da tsiren akuya, hayaƙin taba mai kanumfari ya cika wurin.

Shi kansa kibod ɗin bebe ne, ko ƙis ba ya fitarwa. Aikinsa kawai ya aika umarni ta wata siririyar waya zuwa akwatunan sauti da ke jere a bayan dandamali, ɗaya na ganga, ɗaya na sarewa da jita, ɗaya na sauran tarkace. Ka danna nan, su amsa can. Casmudi, mijin 'yarsa, shi ke zaune gaban akwatunan da kwamfutarsa a cinya. Ita kuwa 'yar, Warniti, ita ce mai waƙa, kuma tun da uban ya kwanta ƙungiyar ta koma hannunta.

Da farko ba ta so ya zo ba. Sai da suka yi ta jayayya. Ya ce shi ya kafa ƙungiyar nan tun tana rarrafe, in ba a sa shi a mota ba da ƙafa zai taho. Daga baya ta yi ƙus-ƙus da mijinta, ta dawo ta ce to, amma za a bi waƙoƙin yadda ta jera su, ba tsallake.

Sau ɗaya ya ji ƙaramin yatsansa ya zame, amma sautin ya fito garau. Ya ce a ransa ikon Allah ke nan. Ya waiwaya ya ɗaga wa Casmudi gira, wato ka gani ko? Casmudi ya yi murmushi ya mayar da idonsa kan kwamfuta.

Bayan la'asar, kamar yadda aka saba, baƙi suka fara shirin hawa su ba amarya kyautar waƙa. Warniti ta so ta toshe wannan ƙofa, amma wa zai tare kakan amarya? Tsoho Carmadi, wanda ya ƙarar da ƙuruciyarsa a teku, ya hau dandamali yana riƙe da zaninsa.

"Kai, Tarkim! Ashe ba ka mutu ba?"

"Kai nake jira ka riga ni, ka share mini wuri."

"Baba Carmadi," in ji Warniti, "da ka bari mun gama waɗanda muka jera tukuna."

"Ke tafi can! Ni da ubanki muna wannan abin tun ba a san za a haife ki ba. Kawo abin maganar nan." Ya fizge makirufon. "Tarkim, ba ni tsohuwar nan, ta matar da ke jiran jirgin mijinta."

Warniti ta kalli mijinta. Casmudi ya yi ta lalube a kwamfuta, gumi na tsattsafo masa, can ya gyaɗa mata kai. Ganga ta tashi, Tarkim ya shiga.

Kowane makaɗin biki ya san ƙa'idar: baƙo ba ya bin kiɗa, kiɗa ke bin baƙo. In ya ja, ka ja. In muryarsa ta gaza, ka sauko ka same shi, yadda zai sauka daga dandamali da mutuncinsa. Carmadi kuwa muryarsa ta daɗe da zama ƙasa, ga shi da jan baiti kamar mai jan koma. Tarkim ya san haka sarai, sai ya danna maɓallin saukar da murya. Kiɗan bai sauko ba. Ya sake dannawa. Ya murɗa na rage gudu. Kiɗan ya ci gaba da tafiyarsa a sama, ya bar tsohon a baya yana ƙoƙarin kamo shi, har muryarsa ta tsage kamar ta zakaran da ke koyon cara.

"Sauko mana!" Carmadi ya faɗa a cikin makirufo. "So kake maƙogwarona ya fita?"

Tarkim ya ɗaga hannuwansa biyu sama ya juya don ya nuna wa Casmudi cewa wani abu ya lalace. Hannuwansa suna sama, sarewa kuwa ta ci gaba da kukanta mai daɗi, har da 'yar karkarwar nan da shi kaɗai ya iya a ƙarshen baiti.

Sai wata mata daga layin masu zuba abinci ta ce, "La'ilaha! Aljanu ke kaɗa masa!" Dariya ta fashe tun daga gaban rumfa har bakin titi.

Ya leƙa bayan kibod ɗin. Wayar ba faɗuwa ta yi ba. An zare ta ne, an naɗe ta tsaf a jikin ƙafar teburin, har da ɗan ƙulli don kada ta yi lilo. Kunya ta lulluɓe shi tun daga kai har ƙafa, ya ji da ma katakon dandamalin ya buɗe ya faɗa ciki. Tun azahar yake rangaji yana lumshe ido a gaban jama'a, yana danna bebe. Har gira ya ɗaga wa surukinsa!

Warniti ta durƙusa kusa da shi. "Baba, kiɗan naka ne. Wallahi naka ne. Wanda Casmudi ya ɗauka a kwamfuta ne kafin ka kwanta, ko yatsa ɗaya babu na wani a ciki."

Shi ya sa bai gane ba. Ai mutum ba ya zargin muryar kansa.

"Kashe," ya ce wa Casmudi.

"Baba, ka yi haƙuri, mun ga kamar..."

"Na ce ka kashe."

Aka kashe. Da hannun hagu ya kwance ƙullin, ya laluba ramin ya cusa wayar. Ya gyara zama. "Carmadi, ɗauko daga farko."

Wannan karon da ya danna, kiɗan ya sauko, ya kuma rage gudu daidai numfashin tsohon. Wannan kam hannun hagu ya iya. Amma da aka zo wurin sarewa, sai kowa ya ji hannun daman Tarkim na gaskiya. Yatsa ɗaya yana danne maɓalli biyu, ɗan uwansa yana zuwa a makare, ƙaramin kuwa ya ƙi tashi sam. Sarewar ta riƙa ɗingishi tana tuntuɓe, manyan lasifikan nan suna kai ta har bakin teku.

Ba wanda ya yi dariya, kuma wannan ya fi ciwo. Mutane suka zuba wa farantansu ido. Amarya ta sunkuyar da kai a ƙarƙashin furannin da aka jibga mata. Carmadi, Allah ya saka masa, ya ƙara ɗaga murya don ya rufe ɓarnar, ya kai waƙar har ƙarshe. Aka yi tafi mai yawa, irin wanda ake yi wa mara lafiya in ya taka da ƙafarsa.

Hajiya Rokijah ta matso gindin dandamali ta yafito Warniti. A hankali ta yi maganar, amma kunnen Tarkim ba abin da ya same shi.

"'Yar nan, don Allah kada ransa ya ɓaci, kin san yadda muke da shi. Amma dangin ango daga nesa suka zo, kuma ana ɗauka a bidiyo. Ko za a mayar da na ɗazun?"

"Hajiya, da wane bakin zan faɗa masa?"

Tarkim ya kalli hannun nasa da ke kwance a kan maɓallai. Ya kalli 'yarsa, wadda hodar fuskarta ta fara jiƙewa, ga bukukuwan bayan girbi suna tafe, kuma duk mai neman makaɗa a unguwar yana cikin rumfar nan yana saurare. Ya miƙa hannun hagu bayan kibod ɗin, ya zare wayar da kansa, ya sake ta ƙasa.

"Casmudi, wacce ce ta gaba?"

"Baba," in ji Casmudi, "ka sauka ka huta mana. Bari in kawo maka shayi."

"Cinikin makaɗi aka yi da Hajiya, ba na kujera ba. Saka."

Ganga ta tashi. Sarewa ta shigo garau, da karkarwarta ta bara. Tarkim ya ɗora yatsunsa a kan maɓallan ya bi ta, idonsa a ƙasa. Kowa a rumfar ya sani, shi ma ya san sun sani. Kafin a kai baiti na biyu, dangin ango sun miƙe sun fara rawa.