Bindigar Bahago

A garinsu Glenda Tackett, can cikin duwatsun Kentucky a Amurka, cinikin bindiga tsakanin maƙwabta ba ya wuce a buɗe bayan akori-kura, a yi musabaha, kowa ya kama gabansa. Sai a kanti kaɗai ake bincika ko doka ta hana mai saye riƙe makami. A kakar bana kuwa, daga coci har shagon aski, ba a da zance sai na masu neman a canja wannan.

Dewey Sizemore ne kan gaba wajen adawa da canjin. Shi ne kuma ya zo ranar Asabar da hantsi sayen bindigar farautar marigayi Orville, mijin Glenda, amininsa tun yarinta.

Glenda ta ɗora bindigar kan teburin baranda, ta zuba masa kofi.

"Sharaɗina ɗaya," in ji ta. "Mu je kantin bindigogi su duba sunanka a na'ura."

Ta zaci zai tayar da jijiyar wuya. Sai kawai ya yi dariya.

"Haba matar yaya! Ni da na ɗauki akwatin gawar mijinki? To, mu je. Ko tarar gudu da mota ba a taɓa cina ba."

"Kai? Kai da ka ce gara a yanke maka hannu da a bincike ka?"

"Tsufa ne, Glenda. Ɗauko jakarki."

Ba ta tashi ba. Saurin yardar ne ya tsaya mata a rai. Ta dubi hannun da ya riƙe kofin, na dama ne. Orville bahago ne, bindigarsa ma ta bahagwai ce, sakatarta a hagu take. Shekara da shekaru Dewey yana tsokanarsa wai a baibai aka ƙera ta.

Bahago ɗaya ne a gidan Sizemore: Travis, ɗan Dewey, wanda kotu ta hana riƙe makami tun da ya karya wa matarsa Shelby muƙamuƙi.

"Ɗauke ta ka auna turken can," in ji Glenda.

Dewey ya kai ta kafaɗar dama, hannunsa ya lalubi gefen da babu sakata. Ya ajiye ta.

"Farautar barewa kawai yaron yake so," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Tun da aka kwashe bindigoginsa ko barci ba ya yi."

"Shelby ma ba ta yi. Bencinmu ɗaya a coci."

"Na'urar za ta wanke ni, kin sani."

"Na sani. Kai za ta duba, ba Travis ba. Bindigar nan ba ta fita gidan nan."

Dewey ya sa hularsa, ya sauka daga baranda bai miƙa mata hannu ba. Glenda ta kai bindigar akwatin ƙarfe ta kulle, ta dawo ta shanye kofinta tun bai huce ba.