Darbejiyar Ƙofar Gidan Ba'ana

A unguwar Ajilari ta Maiduguri akwai wata darbejiya da ta girmi titin da take kai. Gindinta yana waje, a ƙofar gidan Ba'ana mai sayar da yadi a Kasuwar Litinin, amma babban reshenta ya tsallake katanga ya kwanta a kan ɗakin mahaifiyarsa, Hajja Kellu. Ya daɗe kwance a nan kamar baƙon da ya manta hanyar gida. A bana ne kwanon rufin ya lotsa, bango kuma ya tsage daga sama har ƙasa, tsagar da ta cikinta Hajja ke gane gari ya waye.

Ba'ana ya roƙe ta ta koma wani ɗakin kafin damina.

"Nan aka kawo ni, nan na haife ka," in ji ta. "Ranar da za a fitar da ni daga nan, ba da ƙafata zan fita ba. Reshen ne baƙo, shi za ka sallama."

Ya samo mai gatari. Mutumin bai gama naɗe hannun rigarsa ba sai ga Bulama, mai unguwarsu, ya iso yana haki. Ya ce itacen da gindinsa ke kan titi ba a taɓa shi sai da izinin ƙaramar hukuma. Doka ce mai kyau, da ba don ita ba da tuni masu itacen girki sun aske garin tas. Ba'ana bai yi gardama ba. Mutum ne mai girmama doka, don bai taɓa yin hulɗa da ita ba.

Washegari ya tafi sakatariya. Zafin bazara ya kai inda ko ƙadangare sai ya yi shawara kafin ya tsallaka titi, wutar lantarki kuma ta yi tafiyarta tun azumi. Saboda haka babu kowa a cikin ofisoshi. Kowane sashe ya fito da teburinsa gindin bishiya a harabar. Masu haraji suna gindin mangwaro, masu takardar haihuwa suna gindin tsamiya, 'yan duba-gari sun samu darbejiya guda su kaɗai, suna ta zubar da ɓawon gyaɗa a ƙarƙashinta.

Sashen gandun daji, wanda duk itatuwan garin ke hannunsa, shi ne bai samu ko ɗaya ba. Ba'ana ya iske shugaban sashen, Malam Ya'akubu, a 'yar siririyar inuwar tankin ruwa. Shi da akawunsa, Madam Ketura, suna jan tebur suna bin inuwar duk inda ta juya. Sai da Ba'ana ya kama musu ƙafar tebur aka matsa gaba, sannan aka saurare shi.

"Abu ne mai sauƙi," in ji Malam Ya'akubu, yana share gumi da hularsa. "Zan zo in duba itacen da idona. In na gamsu, in sa hannu. Shi ke nan."

Ba'ana ya koma gida da murna ya gaya wa matarsa Najiba. Ita ce ta kawo shawarar da ta jawo komai, ko da yake shi ma da ba ta faɗa ba haka zai yi. A garin nan ba a barin baƙo ya tsaya a tsaye, balle baƙon da ke riƙe da hatimi. Aka share gindin darbejiya, aka yayyafa ruwa har ƙasa ta yi sanyi, aka shimfiɗa darduma, aka jera matasai. Najiba ta haɗa ardeb, ruwan tsamiya mai kayan ƙamshi, ta zuba ƙanƙara. Ta kuma turo kaskon turaren wuta, irin wanda ake ajiyewa don surukai.

Malam Ya'akubu ya sauka daga keke mai ƙafa uku da hantsi. Ya zauna, ya cire takalmi, ya sha kofi biyu. Iska ta kaɗa ganye a kansa. Ya ɗaga kai ya dubi itacen da irin kallon da maraya ke yi wa gidan biki.

"Wannan kuke so ku sare?"

"Reshe ɗaya ne kawai, ranka ya daɗe. Wancan na kan ɗakin tsohuwa. In ka shigo ciki za ka ga tsagar."

"Za a zo kan tsaga. Daga waje ake fara bincike."

Ya jingina da matashi don ya ga reshen da kyau. Kiran la'asar ne ya tashe shi. Ya ce binciken bai kammala ba, domin ya ga yadda itacen yake da rana amma bai ga yadda yake da safe ba.

Da safe ya dawo da tebur ɗaure a saman keke. Bayan kwana biyu Madam Ketura ta biyo shi da tsohon keken buga rubutunta, wanda ba ruwansa da wuta. Masu neman sa hannun Malam Ya'akubu suka je inuwar tanki ba su gan shi ba, aka kwatanta musu Ajilari. 'Yan duba-gari suka zo kawo masa wata takarda, suka ga wurin, ba su koma ba. Masu takardar haihuwa suka ce tsamiyarsu ta fara zubar da ganye. Mai hoton fasfo ya rataya farin ƙyalle a katangar Ba'ana, mai shayi ya kafa teburinsa kusa da kwata. 'Yan keke suka riƙa kiran wurin da sunan Sakatariya Sabuwa, har fasinja ya saba.

Najiba ba ta daina aiko da ardeb ba. Ta ce in aka daina yanzu, za a ce don takarda aka fara.

Wata rana Ba'ana ya dawo daga kasuwa da wuri, ya nufi ƙofar gidansa, wani dattijo mai neman takardar shaidar zama ɗan gari ya riƙe masa riga.

"Malam, bi layi. Mu ma tun safe muke nan."

Ya bi layin, tunda dama yana da magana. Da ya iso gaban tebur ya durƙusa.

"Ranka ya daɗe, maganar reshen nan. Gabas ta fara haɗa hadari."

"Af, Ba'ana. Wushe, sannu da zuwa. Ya Hajja? Ai na gama bincike tuni." Malam Ya'akubu ya gyara zama. "Sai dai an samu canji. Lokacin da ka kawo kuka, wannan itacen titi ne. Yanzu ma'aikatan hukuma na aiki a ƙarƙashinsa. Itacen da ke ba ma'aikaci inuwa a lokacin aiki ba ya taɓuwa."

"Ai reshen a kan gidana yake, ba a kanku ba."

"In rana ta karkata, inuwarsa kan teburin Madam take faɗowa. Madam, ƙarya na yi?"

"Daga azahar zuwa tashi," in ji Madam Ketura, ba ta ko ɗaga kai ba.

"To in ya faɗo kan tsohuwa fa?"

"Allah ya kiyaye. Haɗari ga gidan talaka, kwamiti ke zama a kansa. Kwamitin yana zama bayan damina, don a ga irin ɓarnar da aka yi, kada a yanke hukunci da ka."

Ba'ana ya yi godiya, domin ba a tashi gaban hukuma ba godiya. Ya shiga gida ya sake roƙon Hajja ta koma ɗakin Najiba ko na wata biyu. Ya same ta ta jawo kujera kusa da tsagar bango, tana sauraron yadda ake gardama a waje kan shekarun wani mutum da ke son a rage masa bakwai.

"Ban ga dalilin tashi ba," in ji ta. "A da, rediyo nake saurare, shi kuma sai da batir."

Hadarin ya zo ranar wata Laraba, bayan azahar. Aka fara ganin jan bangon ƙura ya taso daga gabas, kamar an ɗaga ƙasar Borno gaba ɗaya an tsayar da ita. Sai iska. Farin ƙyallen mai hoto ya tashi sama ya nufi Old Maiduguri ba sallama. Masu layi suka dunguma cikin zauren Ba'ana suka cika shi, kowa na riƙe da gurbinsa. 'Yan duba-gari suka shige shagon mai shayi. Malam Ya'akubu da Madam Ketura suka kinkimi tebur, da keken rubutu da hatimi a kai, suka kutsa tsakar gida suna neman mafaka. Ƙofa ɗaya ce a buɗe.

"Ku shigo, 'ya'yana," in ji Hajja Kellu. "Ku cire takalmi."

Ba'ana, wanda ya baro rumfarsa a buɗe tun da ya hango jan bangon, ya iso a guje ya same su a ciki. Hajja na zaune a kan gadonta tana jan carbi. Malam Ya'akubu na tsaye a tsakiyar ɗaki. A kansa reshen yana ɗagawa yana sauka a kan kwano, kowace sauka da ƙarar da ake ji har cikin haƙori. Ƙasa na zubowa daga saman bango tana taruwa a kan hularsa. Tsagar kuwa buɗewa take tana rufewa kamar mai numfashi.

"Hajja, tun yaushe yake yin haka?"

"Tun kana kwance a ƙarƙashinsa, ɗana. Yau ma da sauƙi. Wancan makon sai da ya sauko mini da agogon bango."

Reshen ya sake sauka. Wani katako a rufin ya yi ƙara irin ta ƙashi. Malam Ya'akubu ya dubi ƙofa, ya ga ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya, ga rassa na karyewa a tsakar gida. Ya dubi sama. Sai ya ja kujerar Hajja ya zauna a bayan tebur.

"Madam, sa takarda."

"Wace iri, oga? Ta kwamiti?"

"Wane kwamiti? Ke ba ki ga inda muke ba? Ina teburin sashe yake yanzu?"

"Nan."

"Hatimi fa?"

"Nan."

"Shugaban sashe da akawu?"

Madam Ketura ta kakkaɓe ƙasa daga kan ɗankwalinta. "Muna nan, in Allah ya bar mu."

"To inda tebur da hatimi da ma'aikata suke, nan ne ofis. Rubuta: itace na barazana ga ofishin hukuma da rayukan ma'aikata. Wannan ba ya jiran kwamiti. A sare cikin gaggawa."

Ta buga, ruwa na ɗiga a kan takardar. Ya sa hannu, ya danna hatimi da ƙarfin da ya sa ƙarin ƙasa ta zubo. Ya miƙa wa Ba'ana, sannan ya karɓe, domin yanzu ba Ba'ana ne mai kuka ba, hukuma ce.

Reshen bai faɗo ba a ranar. Da sassafe ma'aikata suka zo da injin yankan katako da igiyoyi, suka sauke shi gunduwa-gunduwa, ba ko ɗaya da ya taɓa kwano. Kafin mako ya zagayo sashen ayyuka ya turo magina suka ɗinke tsagar, suka canza rufi, suka shafa wa ɗakin fenti mai launin ginin hukuma. Ba'ana, wanda bai taɓa ganin ƙaramar hukuma ta yi sauri ba, ya tsaya yana kallo kamar mai kallon raƙumi na rawa.

Da aka gama ya je ya yi wa Malam Ya'akubu godiya, ya kuma tambaya cikin ladabi yaushe za a zo ɗaukar tebur.

"Wane tebur?"

"Na ɗakin Hajja, ranka ya daɗe."

"Ba'ana, kai mutumin kirki ne, amma ba ka san aiki ba. An sare reshe, an yi gyara, duk da sunan ofis. In masu bincike suka zo daga sama suka tarar ba ofis, me zan ce musu? Sai a ce an sare itacen hukuma don gidan talaka ba tare da kwamiti ba. Ni za a tuhuma, kai kuma a ce ka mayar da reshe." Ya nuna waje da haɓa. "Ga shi kuma tun da aka sare shi rana ke dukan wurin Madam."

Ba'ana ya kai ƙara wurin Hajja. Ya same ta a kan gado, an ɗaura labule tsakaninta da teburin, amma ta yaye shi don ta ga masu shigowa. Takalma sun taru a bakin ƙofa. Duk wanda ya shigo sai ya fara durƙusawa ya gaishe ta, ta tambaye shi ɗan gidan wane ne, ta gaya masa abin da kakarsa ta taɓa yi, sannan ya wuce wurin hatimi.

"Hajja, wannan abin ba zai yiwu ba."

"Jiya an kwana ana ruwa. Ka ga na sa kwano ina tara?"

"A'a."

"An fitar da ni daga ɗakina?"

"A'a, amma..."

"To me ka je nema wurin hukuma da ba a ba ka ba?"

Ya buɗe baki zai amsa, Madam Ketura ta leƙo ta saman keken rubutunta.

"Malam Ba'ana, yi haƙuri, akwai mutane a bayanka. In gaisuwa ce ta gida, ka riƙa zuwa kafin a buɗe ofis. Kuma ka ce wa Najiba ardeb ɗin jiya ƙanƙara ta yi kaɗan."

Ya fita ya laluba takalminsa cikin na jama'a, ya samu ƙafa ɗaya.